Ranar Da Na Ga Langar Innata A Rumfar Mai Tuwo

Mai karatu, ka yi mani afuwa, a wannan fitowar ba hira da jarumi na kawo maka ba, ba kuma tsegumin lokeshin ba. Wani abu ne da ya same ni a garinmu, na daɗe ina juya shi a raina, yau dai na ce bari in amayar da shi ko na ji sanyi.

Ni mutumin Gozaki ne, a ƙaramar hukumar Ƙafur, kudancin Jihar Katsina, yankin da ake kira Karaduwa. Tsohon gari ne, kuma ƙasarmu ƙasar noma ce: masara, dawa, auduga, waken suya, shinkafa. Duk wanda ya bi hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa da kaka ya ga yadda motoci ke rangaji da buhuna. To a irin wannan wuri da kowa ke da rumbu, a ce an ga magidanci zaune a benci yana cin tuwon saye, abin magana ne.

A gidanmu kuwa doka ce. Babanmu yana da wata kalma da ba ya gajiya da maimaita ta: "Ɗan gidan nan ba ya cin kasuwa." Ƙosai ko waina in an kawo talla ƙofar gida, a saya a shiga da shi ciki, wannan ba laifi. Amma ka zauna a rumfa, ka wanke hannu a gaban jama'a, ka kai loma? Ina! A wurinsa wannan tonon asirin gida ne, kamar ka yi shela ne cewa uwarka ba ta ɗora tukunya ba. Ina aji huɗu a firamare ya taɓa kama yayana da kofi a teburin mai shayi. Bai dake shi ba. Kallonsa kawai ya yi ya wuce, amma kwana uku Yaya bai yarda sun haɗa ido ba.

Sai da na girma na gane inda abin ya samo asali. Su Baba sun tashi sun tarar cewa abincin sayarwa na bariki ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, baƙi suka yi ta kwararowa: leburori, 'yan dako, direbobi, 'yan ci-rani. Waɗannan ba su da mai dafa masu, dole su saya. Masu dafawar kuma, a tasha, sau da yawa mata ne masu zaman kansu da 'yan daudu. Shi ke nan sai sunan ya bi abincin. A kunnen dattijon ƙauye, "mai tuwo-tuwo" ba sunan sana'a ba ne kawai, da wata magana a ƙarƙashinsa.

Kuma gaskiya a lokacin ba su da buƙatar rumfa, domin akwai ciyayya. Ku yaran birni wataƙila sai a labari. Bayan sallar isha'i za a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurenmu, magidanta biyar ko shida na layin kowa a fito da kwanon gidansa, a jera, a ci wannan a koma wancan. Baƙon da dare ya yi wa ya tsuguna ya sa hannu. Wanda gidansa ba a hura wuta ba ranar, shi ma ya zo ya zauna, ba mai ƙirga kwanuka balle a gane. Mu yara muna gefe muna jiran a miƙo ragowa. Langar Baba kullum ita ce ta tsakiya: fara mai furanni shuɗaye, murfinta ya ɗan ɓantare a baki, a gindinta Inna ta ɗiga jan fenti sau uku don kada ta ɓace a gidan biki.

Da na tafi Kano karatun difloma a Poli, daga nan na zarce aikin jarida, sai dokar Baba ta zama tarihi. Wanda ke yawo a Titin Gidan Zu daga ofishin wannan furodusa zuwa na wancan darakta, yana jiran jarumar da ta ce ƙarfe goma ta zo ƙarfe huɗu, ina ya ga ta girki? Da safe shayi da burodi, da rana garau-garau ko ɗanwake, da dare indomi da ƙwai ko gurasa. Sau uku a rana nake karya dokar gidanmu, in na zo gida kuma in yi fuska kamar ban san hanyar rumfa ba.

A daminar 2022 Allah ya yi wa Inna rasuwa. Ita kaɗai ce matar Baba. Yayyena mata biyu suka zauna har aka yi sadakar arba'in, sannan kowace ta koma ɗakinta, ɗaya Funtuwa, ɗaya Bakori. Yaya ya daɗe da kwashe iyalinsa zuwa Abuja inda yake sana'a. Ni auta, ko budurwa tsayayya ba ni da ita. Ciyayyar ƙofar gidanmu kuwa ta riga Inna mutuwa: biyu daga cikin dattawan sun kwanta dama, ɗaya ciwon ƙafa ya zaunar da shi, samarin da suka gaje su kuma kowa a ɗakinsa yake ci, waya a hannun hagu.

Duk ranar da na kira Baba na tambaye shi batun abinci, amsarsa ɗaya ce: "Auta, abinci sai wanda na zaɓa. Ka ji da aikinka." Ni kuma, Allah ya yafe mani, amsar ta yi mani daɗi, don haka ban taɓa tonawa ba. In tura masa 'yan kuɗi ta waya a ƙarshen wata, in ji kamar na sauke nauyi.

Sai ga canjin kuɗi. Ba sai na tuna maka ba. Babban Banki ya sauya takardun N200 da N500 da N1,000, sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba, 2022, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi an kwashe, sababbi ba a gan su ba. A Kano ma da bankuna ke kowace kusurwa mun kwana a layi, ina ga ƙauye? Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Tsakanin nan kuwa an ji jiki.

A cikin wannan hali na tafi gida, domin a can na yi rajistar zaɓe, ga shi za a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar 25 ga Fabrairu. Ran Alhamis na fita ta Kabuga, muka bi Gwarzo, Dayi, Malumfashi. Kafin in samu abin hawa zuwa Gozaki rana ta faɗi. Na sauka bayan magariba, rabona da abinci tun shayin safe. Na san in na shiga gida babu wuta a murhu. Sai shaiɗan ya ce da ni: kai, wa zai gane ka a duhun nan? Na ja hular sanyi har gira, na nufi rumfar Iya mai tuwo da ke bakin kasuwa. Tunda aka haife ni, ranar na fara sa ƙafa a cikinta.

Rumfar kwano ce da aka kewaye da zana. Benci uku, tebur ɗaya mai gurguwar ƙafa an tokare shi da dutse, fitilar caji a rataye. Ga tukwane biyu a kan murhu, ga malmalar tuwon masara a jere cikin babbar roba an rufa da buhu, miyar kuka a wannan tukunya, busasshiyar kuɓewa a waccan, man shanu a kwalba. Mutanen da na tarar su ne dai waɗanda ka sani: direba da yaron motarsa, 'yan dako biyu da ƙurar buhu a kansu, wani malamin makaranta da aka turo daga wani gari, da wani tsoho da ban ɗaga ido na dube shi ba don kada ya zama abokin Baba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ake biya. A gefen Iya akwai tiya da buhu. Wani ya zo da masara a leda, ta auna, ta juye, ta ce, "Kana da kwana uku." Wani ya ce kuɗinsa na waya, ta ce ya tura wa mai shayi na kusa da ita, shi ke da asusu, in sabis ya yarda. Wani bai ce komai ba, ta zuba masa, ta ɗauki gawayi ta ja layi a jikin kwanon rumfar. Na dubi wurin, layuka sun yi yawa kamar allon ɗan makaranta.

Na karɓi nawa na koma lungu. Na kai loma ta uku ke nan sai wani yaro, ɗan maƙwabtanmu, ya shigo da abu ƙunshe a tsumma. Bai yi magana ba, ya ajiye a gaban Iya. Ta kwance. Fara ce, mai furanni shuɗaye, murfin ya ɓantare a baki. Da ta ɗaga ta don ta ɗauraye, hasken fitila ya sauka a gindinta. Jan fenti, ɗigo uku.

Wallahi mai karatu, tuwon nan a maƙogwaro ya tsaya mani. Ina kallo ta zaɓi malmala biyu daga ƙasan roba inda suka fi zafi, ta zuba miya a ƙaramin kwano, ta tsamo tsoka ɗaya ta saka, ta ɗiga man shanu, ta ɗaure. Yaron ya fita ta bayan rumfa, ba ta gaba ba. Ba ta karɓi ko sisi ba, ba ta kuma ja layi ba.

Na jira har mutane suka ragu, sannan na matsa na durƙusa.

"Iya, sannu da aiki."

"Yawwa, Autan marigayiya. Saukar yaushe? Tun da ka shigo na gane tafiyarka, hular ba ta ɓoye komai ba."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Iya, langar nan..."

Ta ɗaga mani hannu. "Rage murya. Wata na huɗu ke nan. Maƙwabta sun yi ta kai masa, sai ya ce su bari, wai yayarka na aiko masa daga Funtuwa. Ka san halin Malam, ba ya son abin da ya yi kama da sadaka. Ya yi kusan wata yana jiƙa gari da fura. Ranar da jiri ya kwashe shi a masallaci na aika aka ce masa ni ba kyauta zan ba shi ba, ciniki za mu yi. Duk Juma'a yana aiko da masara, ni kuma ina aika tuwo. Rumbunsa cike yake, ɗan nan. Mai ɗora tukunya ce babu."

Na ce, "To kuɗin da nake turowa fa?"

Ta yi 'yar dariya. "Suna nan cikin waya, suna gaishe ka. Waya ake tuƙawa?"

Ban samu abin cewa ba. Ta ci gaba da kankare tukunya, can ta ce, "Kada ka ga kamar alfarma nake yi. Shekara goma sha ina sayen daddawa da kuka a hannun innarka. Ita ke yi a cikin gida, yara su kawo mani da asuba. Kuɗin jarrabawarka ta gama sakandare, a nan rumfar aka haɗa rabinsu, in ba ka sani ba ka sani. Tashi ka tafi. Kuma kada ka nuna masa ka ga komai."

Na tarar da Baba a zaure, fitila a gabansa, langar a rufe. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kano. Sannan ya jawo langar ya buɗe.

"Matso mu ci. Daga gidan maƙwabta aka kawo."

"To Baba, Allah ya saka masu."

Na wanke hannu na sa, alhali a ƙoshe nake. Muna ci ba mai magana. Ya tura mani tsokar, na tura masa, ya sake turo ta. Da muka kusa gamawa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Yaron ya ce ya ga wani mai hular sanyi a lungu, wai ya yi kama da kai."

Na sunkuyar da kai. Ina jiran faɗa, sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda rabon da in ji ta tun Inna na da rai.

"Ni na yi ƙarya, kai ka yi ƙarya, a kan tuwo ɗaya. Allah ya shirye mu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara da shekaru miyar rumfar nan da daddawar gidan nan ake kaɗa ta. Ina sane, na yi kamar ban gani ba. Duk garin nan sun ci hannun innarku a can, ni ina nan ina cewa ba a cin kasuwa."

Washegari da muka fito daga sallar asuba, maimakon ya yi gida sai na ga ya miƙe bakin kasuwa. Na bi shi. Mai shayi na ganin mu ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga goge benci da hannun riga. Samarin da ke wurin suka yi tsit, wani ya ɓoye burodinsa a bayansa. Baba ya zauna ya ce, "A ba mu biyu. Nawa a sa citta da yawa. Auta zai biya da wayarsa, mu ga ko kuɗin nan na gaske ne." Sai da na tura sau uku kafin ya shiga. Aka yi ta dariya, daga nan hira ta ɓarke: farashin taki, wanda zai ci zaɓe, wanda ya sayar da masararsa da wuri yana cizon yatsa. Na ga Baba yana magana har da ɗaga hannu. Sai a lokacin na gane ba yunwar ciki kaɗai ta ramar da shi ba. Wata shida yana cin abinci shi kaɗai, mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa buɗe kwano ba sai da mutum biyar a gefensa.

Tun daga ranar na daina yi wa rumfa kallon da na taso da shi. Wanda duk ka gani a bencin mai tuwo ko teburin mai shayi, akwai dalilin da ya kawo shi. Wani baƙo ne, wani gwauro, wani matarsa na asibiti ko ta tafi wankan gida, wani ya fito gona tun duhu, wani kuma gidan ne ya yi masa faɗi. Aikin da tabarmar ƙofar zaure take yi a da, na rufa wa mutum asiri ba tare da an tambaye shi ba, yau su Iya ne suka ɗauke shi, da bashinsa da asararsa. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo, malmala ta ƙanƙance, masu shan haɗin kauri da yawa suka koma ruwan bunu. Amma da na koma gida da kakar 2024 na leƙa, layukan gawayin nan suna nan, wasu ma ta shafe su da hannunta ba tare da an biya ba.

A nan ne nake da ƙorafi a kan mutanena 'yan fim. Sau nawa ka ga an kai saurayi da budurwa wani ƙawataccen gidan abinci, an jera masu kaji da lemo, su yi ta kallon juna har a yanke fitowar ba wanda ya taɓa cokali? In kuwa aka nuna mai tuwo ko mai shayi, to ka shirya dariya: ko a ci a gudu, ko a yi dambe a kan canji, ko a mai da ita uwar 'yan iska. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya kai kyamara tasha da kasuwa da ƙauye, ya ba mu dariyar da har gobe muna kewarta, Allah ya jiƙansa. Amma bayan dariyar akwai labari, kuma har yanzu ina jiran marubucin da zai zauna a bencin nan ya saurara. Ga mace ta tashi tun kafin kiran assalatu, hayaƙi ya cinye mata ido, tana riƙe da sirrin rabin gari a cikinta, ta san wanda aka yi wa yaji da wanda jarinsa ya karye, ba ta taɓa faɗa ba. Idan wannan ba jaruma ba ce, to wace ce?

Na san abin da ke ranka, mai karatu. Kana jira in ce Baba ya auri Iya. Da fim ne, da haka za a ƙare, har da waƙa. To Iya da mijinta, yana nan da ransa, shi ke faso mata itace. Mu dai muka haɗa kai da yayyena muka matsa, bayan ƙaramar sallar 2023 Baba ya auri wata bazawara mai hankali daga cikin dangi, wuta ta dawo murhun gidanmu. Langa ta daina fita da dare.

Sai dai shayin asuba ya zama jiki. Kullum in an sallame, yana can kan benci, shi da wasu dattawa biyu da ya janyo, ana musu a kan taki. Rannan na kira shi da sassafe, ina jin ƙarar cokali a kofi, na ce, "Baba, ashe ɗan gidan nan yana cin kasuwa?"

Ya ce, "Kai dai ka yi aure, ka bar ni da mutanena."

Wanda iyayensa ke raye a ƙauye, in ya kira suka ce "abinci sai wanda na zaɓa", don Allah kada ya tsaya nan. Ya tambayi wa ya dafa, kuma da wa aka ci. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa su Iya da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in da rai da lafiya.